YOYON BUTUTUN RUWA: KOWANE MAHAƊI DA NASA MAGANI

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyinmu da yawa sun haɗa kuɗi sun haƙa rijiyar burtsatse, sun ɗora tanki a bisa, sun ja bututu zuwa gidan fasto, da ɗakin shan magani, da makaranta, har da gidajen waɗansu 'yan ƙungiya. Mun gode wa Allah domin wannan. Matanmu da 'ya'yanmu mata sun huta da sammakon zuwa rafi. Amma a wurare da dama, kafin shekara ta kewayo sai ka tarar gindin famfo ya zama taɓo, bango ya jiƙe, tankin da aka cika da yamma kuwa ya sauka rabi kafin gari ya waye. In an bincika, yawanci bututun kansa lafiya lau ya ke. Inda aka haɗa bututu da bututu, nan ciwon ya ke.

Saboda haka a wannan fitowa za mu yi magana a kan abin da a ke sawa a mahaɗi domin ya hana yoyo. Abu ɗaya mu ke so ku riƙe. Mahaɗin bututu iri iri ne, kowane kuwa da abin da ke toshe shi. Kafin ka je kasuwa, dubi mahaɗin da kyau ka tambayi kanka, a ina ne wannan ya ke tare ruwa? A haƙora ne, ko a jikin roba, ko a washa? Amsar ita za ta gaya maka abin da za ka sayo.

ASARAR DA ƊIGO KE JAWOWA

Wani zai ce, ai ɗigo ne kawai. To, bari mu yi lissafi. Akwai sakan 86,400 a yini da dare. Ɗigo wajen 4,000 ke cika lita guda. Mahaɗin da ke ɗiga sau ɗaya kowane sakan yana zubar da wajen lita 20 a kwana ɗaya, watau jarka guda. A shekara ya wuce lita 7,000. In mahaɗi biyar ne ke yin haka a layin ƙungiya, jarka biyar ke nan kullum, ruwan da aka ƙona man inji aka hau da shi tanki. Da yayyafi kogi kan cika.

Asara ta biyu ta fi wannan muni. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sa'ad da tanki ya ƙare, ko aka ɗauke ruwa, bututu ya kan zama wofi, har ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi. Ƙofar da ruwa ya bi ya fita jiya, ita ce ruwan kwata zai bi ya shiga yau, balle in bututun ya ratsa kusa da masai ko turken dabbobi. Ta ruwa mai ƙazanta ne kwalara da zazzaɓin taifot ke shiga gida. A shekarar 2021 mutum fiye da 100,000 aka ba da rahoton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, yawancinsu a jihohin Arewa. Kada mu buɗe wa wannan ciwo ƙofa da hannunmu.

Ban da wannan, ruwan da ke tsattsafowa a gindin bango yana cin ginin ƙasa a hankali, yana kiran gara, kududdufin da ya tara kuma ya zama gidan sauro.

NA ƊAYA: MAHAƊI MAI HAƘORA

Wannan shi ne wanda a ke murɗawa, namiji ya shiga cikin tamace. Masu sana'a suna kiran haƙoran tiredi. Shi za ka samu a bututun ƙarfe, da kan famfo, da makullin ruwa, da bakin injin ban ruwa. Bakin namijin ya ɗan fi gindinsa siranta, don haka ya kan ƙara matsewa yayin da a ke murɗa shi. Duk da haka, kome ƙarfin da aka sa, akwai 'yar siririyar hanya da ke saura tsakanin haƙoran, tana zagayawa kamar gidan dodon koɗi. Ita ruwa ke bi. Aikinmu shi ne mu cike ta.

Abin da ya fi dacewa a gida shi ne farin tef ɗin nan mai santsi da a ke sayarwa a naɗe, faɗinsa wajen rabin inci. An yi shi da wata irin roba mai suna PTFE, wadda wani masani mai suna Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938, aka kuma san ta da sunan Teflon. Ba ta ruɓewa cikin ruwa, ba ta ba ruwa ɗanɗano, ba ta kuwa manne haƙora, saboda haka ko bayan shekaru za a iya kwance mahaɗin. Ga yadda a ke sa shi:

1. Goge haƙoran sarai, ka fid da tsatsa da yashi da tsohon tef.
2. Riƙe bututun da hannun hagu, bakinsa yana dubanka.
3. Bar haƙori na fari tsirara, ka fara daga na biyu, domin kada guntun tef ya shige ciki ya toshe famfo.
4. Naɗa yadda hannun agogo ke juyawa, kana ja kaɗan har siffar haƙoran ta bayyana ta cikin tef ɗin. In ka naɗa ta ɗaya wajen, tef ɗin zai warware ya dunƙule sa'ad da ka ke murɗawa.
5. Tef mai kauri, zagaye 4 ko 5 ya isa. Mai araha ɗin nan da ya yi sirantaka kamar yanar gizo-gizo ya kan kai zagaye 10 ko fiye.
6. Murɗa da hannu har ya tsaya, sa'an nan ka ƙara zagaye ɗaya ko biyu da sifana.

In ka matse kan famfo ya wuce inda ka ke so, kada ka komar da shi baya ka bar shi haka. Komawa baya ta kan buɗe hanyar da tef ya rufe. Kwance shi duka, ka cire tef ɗin, ka sa sabo.

A yi hankali ƙwarai in ɗaya daga cikin biyun na roba ne. Namijin ƙarfe cikin tamacen roba kamar a buga tsinke ne cikin gora: in tef ya yi yawa, ko an matse da ƙarfi, soket ɗin zai tsage, wani lokaci ba a ranar ba, sai bayan wata guda cikin bango. Inda hali ya yi, a sa namijin roba cikin tamacen ƙarfe, ko a sayi soket na roba mai zoben tagulla a ciki. Zagaye 3 ko 4 na tef ya ishi haƙoran roba.

Akwai kuma wani abin lura. Haƙoran bututu ba iri ɗaya ba ne a duniya. Yawancin kayan da ke kasuwanninmu suna bin awon Ingila da a ke kira BSP, amma waɗansu injuna da matatun ruwa suna zuwa da awon Amurka mai suna NPT. A bututu mai inci 1, na Ingila yana da haƙori 11 a kowane inci, na Amurka 11 da rabi, yankan haƙorin kuma ya bambanta. Za su fara shiga juna kamar sun dace, sa'an nan su cije. Ba tef ɗin da zai gyara wannan, sai a nemi mahaɗin da ke sada awon biyu. Dabara mai sauƙi ita ce ka tafi kasuwa da tsohon kayan a aljihu, ka gwada da hannu kafin ka biya.

Ban da tef, akwai man haƙora mai kauri da a ke sayarwa a gwangwani ko a kwalbar matsawa. Yana da amfani a manyan bututun ƙarfe, da haƙoran da suka fara cinyewa. Amma a karanta jikin gwangwanin. In ba a rubuta cewa ya dace da ruwan sha ba, kada a sa shi a layin gida. In kuwa ba a rubuta ya dace da roba ba, kada ya taɓa roba, gama man da ke cikin waɗansu yana sa ta gautsi. Tsofaffin masu aikin famfo sun saba naɗa zare irin na rama su shafa mai a kai. Zaren ya kan kumbura in ya sha ruwa, ya toshe da kyau a kan ƙarfe. Ya yi daidai a bututun lambu. A layin ruwan sha dai tef ya fi tsabta, domin zare abu ne mai ruɓewa. A kan roba kuwa kumburin nan nasa zai iya fasa soket.

NA BIYU: BUTUTUN PVC DA GAM ƊINSA

Bututun roba fari ko mai ruwan toka da a ke kira PVC yawanci ba shi da haƙora. Bakinsa ne ke shiga cikin soket, a haɗa da gam. Ya kamata mu fahimci yadda gam ɗin nan ke aiki. Yana narkar da fatar bututun da ta soket ɗin kaɗan, su cakuɗe, in ya bushe su zama jiki ɗaya. Shi ya sa gam ɗin takalmi ko na katako ba zai yi wannan aiki ba, shi ma kuma ba zai kama ƙarfe ko baƙin tiyo ba. A nemi wanda aka rubuta PVC a jikinsa, irin su Tangit, a kuma tabbata na bututun da ke ɗauke da ƙarfin ruwa ne.

1. Yanke bututun daidai da zarto, kada bakin ya karkace.
2. Kankare gefen da wuƙa ko magagari, ka ɗan fiƙe shi domin kada ya share gam ɗin sa'ad da ya ke shiga.
3. Gwada shi cikin soket ba gam. Ya kamata ya shiga ya fara cijewa kafin ya kai ƙarshe. In yana lilo, ba awonsu ɗaya ba, gam kuwa ba zai cike wannan rata ba.
4. Goge duka biyu da tsumma mai tsabta. Ƙura, ko maiƙo, ko laima, kowannensu yana hana gam kamawa.
5. Shafa gam kaɗan a cikin soket, da ɗan yawa a bakin bututu, ka tura nan da nan har ƙarshe.
6. Riƙe kamar rabin minti, gama bututun ya kan so ya turo kansa waje. Share abin da ya fito.
7. Kada a motsa shi na 'yan mintoci. A sabon layi, a bari ya kwana ya wuni, awa 24, kafin a sake masa ruwa da ƙarfi.

Da bazara gam ya kan bushe kafin ka gama shafawa, saboda haka a yi aikin da safe ko a inuwa, a rufe gwangwani bayan kowane mahaɗi. In ka buɗe gwangwani ka tarar gam ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ya mutu. Kada a tsinka shi da fetur, a yar. Yana kama wuta da sauri, tururinsa kuma yana sa jiri, don haka ba taba, ba fitila, ba murhu kusa, kuma a buɗe taga in cikin ɗaki ne.

Mun sha ganin an gasa bakin bututu a wuta domin ya buɗe a cusa wani a ciki, wai don a huta da sayen soket. Wuta tana ƙona robar ta rage mata kauri, wurin nan ne kuwa zai fara fashewa. Araha ba ta ado. Haka kuma siririn bututun da aka yi domin ruwan wanke-wanke ko wayar lantarki ba zai jure ƙarfin ruwan tanki ba. Ku tuna, kowane mita 10 na tsawon da ruwa ya sauko yana ƙara ƙarfin da masu sana'a ke kira ba guda. PVC ba na ruwan zafi ba ne, rana kuma tana sa shi gautsi, sai a binne shi ko a rufe shi. In za a binne, a yi da sanyin safiya. Bututu mai mita 6 da ya sha rana ya kan ƙara tsawo kusan santimita 1, in ya huce cikin ƙasa sai ya koma, ya ja mahaɗin da bai gama ƙwari ba.

NA UKU: MAHAƊI MAI WASHA

Nan ne mutane da yawa ke ɓata tef a banza. Dubi mahaɗin da ke gindin tanki, da 'yar mesar da ke shiga kwanon wanke hannu, da kan tiyon ban ruwa. Suna da haƙora, amma aikin haƙoran shi ne su matse washar roba da ke ciki, ita ce ke tare ruwa. In irin wannan yana yoyo, kwance ka dubi washar. Ko ta tsage, ko ta taurare, ko ta zauna a karkace, ko ma babu ita. Sa sabuwa, ka murɗa da hannu, ka ɗan ƙara da sifana, shi ke nan. In ka naɗa tef a haƙoran, zai hana su shiga har su kai ga washar, yoyon kuwa ya ƙaru. In roba ta ƙi shiga, a shafa mata ruwan sabulu. Giris da baƙin mai suna lalata irin wannan roba, suna kuma ɓata ruwan sha.

Shi ma kan famfon da ke ɗiga ta baki bayan an rufe shi, yawanci washar ciki ce ta cinye. Kuɗinta kaɗan ne. Matse famfo da ƙarfi ba ya warkar da shi, sai dai ya ƙarasa shi.

NA HUƊU: KORE DA BAƘIN BUTUTU

Koren bututun nan da a ke kira PPR ba ya shan gam ko kaɗan. Da wani ƙarfe mai zafi a ke haɗa shi, mai aiki da lantarki, zafinsa wajen digiri 260. A kan ɗumama bakin bututu da cikin soket tare, sakan 5 ga mai milimita 20, sakan 7 ga mai 25, sa'an nan a tura su cikin juna ba murɗawa. In an daɗe a wutar, robar ta kan narke ta toshe cikin bututun, ruwa ya riƙa fita kamar fitsarin yaro. Yana jure ruwan zafi, yana kuma daɗewa, amma ba a yinsa da garwashi. Ƙauyen da ba lantarki sai a nemo janareto da wanda ya iya.

Baƙin bututu mai laushi da ke zuwa a naɗe, wanda mu ke ja zuwa lambu, shi ma gam ba ya kama shi. Yana da nasa mahaɗi mai zoben roba da wani zobe mai cizo a ciki. A yanke bakin daidai, a tura har ya wuce zoben roba, a murɗa murfin. Ba tef, ba gam.

ABUBUWAN DA ZA MU BARI

Fenti. A dā masu aikin famfo su kan shafa jan fenti ko fari mai dalma a haƙoran bututu, har yanzu kuwa waɗansu suna shafa kowane fentin da suka samu. Da ido ba za ka san wanda ke da dalma ba. Dalma guba ce, ta fi cutar ƙananan yara da mata masu ciki, tana taɓa ƙwaƙwalwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani ɗan awonta da za a ce ba ya cutarwa. Mun ga aikinta a jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da a ke niƙawa a cikin gidaje. Abin da ya yi wannan ɓarna kada ya kusanci ruwan da 'ya'yanmu ke sha.

Leda. Ba ta shiga cikin haƙora kamar tef, ta kan yayyage, guntayenta su toshe famfo.

Robar tayar keke. In bututu ya fashe da dare, a ɗaure da ita a kwana. Amma a sa ranar gyara, domin ɗaurin da ya rage fitar ruwa ba ya hana datti shiga.

Gam mai sanƙarewa irin su Araldite, da silikon. Silikon na gefen kwanon wanka ne, inda ruwa ba shi da ƙarfi. Shafa kowannensu a bayan mahaɗi mai yoyo kamar ɗaure gyambo ne ba a wanke ba. Gyaran gaskiya shi ne a rufe ruwa, a kwance, ko a yanke wurin a sa sabon soket.

Ga masu tukunyar gas kuma, abin da muka faɗa a nan na ruwa ne. Gas yana da nasa kayan haɗi. A kira wanda ya iya, a gwada da kumfar sabulu, kada a taɓa gwadawa da ashana.

GA MASU NOMAN RANI

Injin ban ruwa yana da wani yoyo da ba a gani. A wajen da inji ke zuƙo ruwa daga rijiya ko rafi, mahaɗin da bai toshe ba ba ya zubar da ruwa, iska ya ke sha. Sai ka ji inji yana kuka, mai yana ƙonewa, ruwa kuwa yana zuwa yana yankewa, ko ya ƙi zuwa sam. Kafin ka kai inji wurin makanike, dubi washar bakin inji, da maɗaurin tiyo, da haƙoran bututun rijiya. Irin wannan inji ba ya iya ɗago ruwan da ya wuce zurfin wajen mita 7, a ƙasa mai tudu kamar Jos ma bai kai haka ba. In iska ta samu ƙofa, ko wannan ba zai kai ba. Tumatir da albasa kuwa ba su san jira ba.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Tun ran gini, ran zane. Kada a rufe rami ko a shafe bango sai an cika tanki, an sake ruwa, an rufe dukan famfuna, an bi kowane mahaɗi da busasshiyar takarda. In ta jiƙe, a gyara a ranar. A zana inda bututu ya bi a littafin ƙungiya, domin wanda zai yi noma ko gini gobe ya sani.

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta ajiye akwati guda a hannun ma'aji, da tef, da washa iri iri, da soket da gwiwa na awon bututunku, da zarto, da sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta murɗa. Gam kuwa a sayi ƙaramin gwangwani ranar aiki, gama ba ya ajiyuwa bayan an buɗe. A zaɓi matasa biyu su bi gwanin mai aikin famfo su koya. A roƙi Zumuntar Mata su riƙa kawo labari da wuri, domin su ne ke fara ganin ƙasa ta yi laima. A sa makullin ruwa a kan kowane reshe, domin gyaran gida ɗaya kada ya hana gari duka sha.

A taronku na wannan wata, ku fita tare ku bi layinku daga tanki har famfo na ƙarshe, ku ƙirga mahaɗan da ke ɗiga, ku rubuta irin kowane da abin da ya ke bukata. Ruwan nan kyauta ce daga wurin Allah, kuɗin da aka ja shi kuwa gumin 'yan'uwa ne, har da gwauraye da suka ba da daga cikin ɗan abin da su ke da shi. Bari mu riƙe amanar nan da kyau. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku.